Jikana Ba Shi Da Suna Tukuna

Talata, da hantsi

Namiji ne! Rahama matar ɗana ta sauka lafiya ɗazu bayan fitowar rana. Ina zaune a zaure ina zura zare a basilla sai na ji guɗar matata Salmatu, guɗa irin ta 'yan mata, har ta shaƙe tana tari. Na soke yatsana ban ji ba sai da na ga jini a buhu. Shekarun da ɗana da matarsa suka yi suna jiran haihuwa na daina ƙirga su tuni, don kada in yi saɓo. Yau ga ni kaka. Kalilu mai ɗinkin buhu, kaka!

Hannuna ya ƙi zama, shi ya sa na ɗauki biro. Tun da aka rufe iyaka a Magama ba motar hatsi da ke wucewa, ba buhun da ke fashewa, ba ɗinki. Malam Amos da ya koya mana karatu a ajin yaƙi da jahilci, muna da furfura muna riƙe fensir kamar muciya, ya ce duk ranar da abu ya cika maka ciki ka zuba shi a takarda. To ga shi ina zubawa.

Uban yaron ba ya nan. Ya tsallaka ranar Alhamis zuwa Rijiyar Tsamiya wurin yayata Hassana, ya ce jiya Litinin zai dawo. Kwana ɗaya ba latti ba ne.

Talata, bayan la'asar

An miƙo mini shi cikin zane. Ja wur, ga gashi kamar an shafa masa mai. Salmatu ta ce, "Ga angona ya iso, kai kuma Malam sai ka nemi wurin kwana." Na ce, "Wannan da ko haƙori ba shi da shi?" Ta ce, "Kai naka nawa suka rage?" Matan da suka zo barka suka yi ta dariya har ɗaya ta zubar da kunu.

Na yi masa kiran salla a kunne. Suna kuwa ban raɗa ba, na bar wa ubansa. Tun cikin yana ƙarami aka yi ta tambayarsa wane suna ya tanada, ya ce babu. Haka yake yi a aikinsa: ba ya sa wa mutumin cikin wasa suna sai ya ji irin waƙar da ke fita daga bakinsa. Ya ce ɗansa ma sai ya ji kukansa tukuna. To ga kuka nan ana ta yi, ya cika gida.

Laraba, da safe

Bai dawo ba. Wayarsa ba ta shiga, amma wayar wa ke shiga a garin nan yanzu?

Laraba, bayan azahar

Luka ya zo barka, malamin firamaren nan da ke yi wa ƙungiyar wasan ɗana kiɗa. Ya kawo sabulu da turmin atamfa. Bai tambaye ni ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Bari in rubuta ko wane ne uban yaron nan, don wata rana jikana ya karanta. Sunansa na yanka Zunnuraini, gari kuwa Mai Gurmi suke ce masa. Yana tsara wasan kwaikwayo wanda ba a magana a cikinsa sai waƙa. Mai fushi waƙa zai yi, mai ciniki waƙa, har mai mutuwa da waƙa yake cikawa. Waƙoƙin kuma ba na rediyo ba ne. Namu ne, na mutanen da suka sari dajin nan tun ba a san za a yi garin Jibiya ba. Yana bin tsofaffi a Mazanya da Farfaru da Riko da tiyar gero a jaka, ya zauna bakin turmi ko bakin rijiya har tsohuwa ta gaji da korarsa ta rera masa abin da uwarta ke rerawa. Sai ya dawo ya yi ta juya shi a gurmi, ya ƙara nan, ya rage can, har ya zama labari.

Ƙanena Ya'u har yau cewa yake gidanmu ba maroƙa ba ne. Yaron ya taɓa ce masa, "Baffa, ni ban roƙi kowa ba, abin da kuka yar nake tsinta."

Sabon wasan sunansa Gonar Da Aka Raba. Gonar kakanmu ce, wadda Turawa suka dasa dutsen iyaka a tsakiyarta, rabi ya faɗa nan, rabi can. Akwai waƙar girbi ta gonar. Kira yana gidanmu, ni na ba shi da bakina:

Wa ke can ƙarshen gona?
Gero ya sunkuya, hannuwa sun yi kaɗan.

Amshi kuwa ya tafi da gidan da ya faɗa wancan ɓangaren, gidan da aka kai Hassana aure, kuma yau ita kaɗai ta rage da shi cikakke. Ya roƙe ta ta rera masa a waya. Ta ce waƙar girbi ba a tura ta kamar kati. A gona ake karɓarta, a tsaye, da magirbi a hannu, lokacin da gero ya nuna. Ga gero ya nuna, ga Hassana ta tsufa, ga iyaka a rufe. Ya ce in ya jira baɗi wa ya sani. Sai ya hau babur ta hanyar kwari, inda kowa ke bi yanzu.

Ni na nuna masa mai babur ɗin.

Juma'a, bayan saukowa daga masallaci

Ana ta magana a bakin masallaci kan abin da ya faru ranar Litinin a hanyar kwari. Ina isowa sai a yi shiru a ce, "Malam Kalilu, ina angon ƙarni?" Na ce a yi mini barkar jika dai, angon ƙarni yana hanya.

Ya'u ya ja ni gefe. Ya ce an kwaso wasu, suna can an jera su, shi zai je ya duba. Na ce duba me? Ya ce, "Yaya, ka koma gida, ni na tahi."

Na koma gida na ɗauki jikana. Yana da wata 'yar tawada a bayan kunnen hagu. Yana tsotson yatsana kamar zai cire shi. Alhamdu lillahi. Babur ya tsaya a ƙofar gida, mai kawo wa maƙwabta ƙanƙara ne.

Asabar, da hantsi

Ba ya cikinsu. Ya'u ya buɗe fuskar kowa, ya ce ba ya cikinsu. Mai babur ɗin yana ciki.

Ban gaya wa mata ba. Salmatu ta dube ni ta ce me ya sa na saka hula a baibai.

Lahadi, kafin la'asar

Na shiga kasuwa na sayi rago, fari mai baƙin wuya. Dillalin ya ce, "Wa aka samu?" Na buɗe baki in faɗa sai na tuna babu abin faɗa. Na ce namiji.

Na nemi Ladi mai tabarmi, wadda ke tsallakawa da ƙafa ta cikin gonaki. Ta san gidan Hassana. Na ce ta gaya wa yaron an haihu, ya bar waƙa ya zo. Na ce ƙila Gwaggonsa ce ta riƙe shi, don na san halinta, in ta ce ba ka iya ba to ba ka iya ba, ko da za ka kwana a gona. Ladi ta ce, "Ƙila haka ne, Baba." Ba ta dubi idona ba. Mutane sun koyi wani sabon abu a garin nan, magana da ƙasa.

Litinin, bayan asuba

Gobe ne suna. Na tsaya bayan salla na sami Liman. Na ce ina so a ɗaga. Ya ce kakan yaro yana da ikon raɗa suna, ba sai uba ba. Na ce na sani, amma uban ya ce sai ya ji kukansa. Liman ya yi ta jan carbi. Can ya ce akwai malaman da suka yi sauƙi, in sati na farko ya wuce a yi a na biyu, in ya wuce a yi a na uku, daga nan kuma ba sauran uzuri.

Ya'u ya ji haushi. Ya ce an riga an jiƙa gero, an gayyaci mutane, mi za a ce musu? Na ce a ce musu uban yaro yana hanya. Ya ce, "Wace hanya?" Na ce ya fita mini daga zaure. Shekarunmu sun wuce na haka, amma na faɗa, kuma ya fita.

Talata, da hantsi

Ba a yi ba. Ragon yana cin harawa, bai san an yi masa rai ba.

Alhamis, bayan la'asar

'Yan ƙungiya sun zo gwaji a gindin darbejiyar ƙofar gida, kamar yadda suka saba. Luka ya ce in suka daina zuwa Rahama za ta gane. Kamar ba ta gane ba.

Na zauna ina kallo sai na tuna wasansa na farko, na masu haƙar rijiya, a filin firamare. Ba fitila, ba lasifika, tsohon gwangwani aka sa a matsayin bakin rijiya. Mutum yana ƙasa yana waƙa, ana jan igiya ana amsa masa daga sama, muryarsa tana ƙara nisa har ta ɓace. Wani tsoho daga Farfaru ya tashi tsakiyar wasa yana kuka, ya ce waƙar ubansa ce, rabonsa da ita tun yana da tukku, wa ya sato ta? Yaron ya sauko ya durƙusa a gabansa ya ce, "Ƙanwarka ce ta ba ni, Baba, kuma ga ta na kawo maka." Ranar ban iya cin tuwo ba don daɗi. Ya'u ma yana wurin, a bayan mutane, ya ja rawani ya rufe baki kamar ba a gane shi ba.

Tun yana rarrafe haka yake. Salmatu ba ta da ƙwarya mai lafiya, duk ya fasa da kiɗa. An ba shi aikin koyarwa a Katsina ya bari ya dawo, ya ce can ba tsofaffin da za su zage shi.

Yau da suka iso wurin waƙar girbi, maza suka yi kira. 'Yan matan amshi suka buɗe baki, ba abin da za su ce. Luka ya ci gaba da kiɗa shi kaɗai na ɗan lokaci, sannan ya ɗora tafinsa a kan fatar gangar. Daga cikin gida jikana ya tsala kuka. Wata yarinya ta ce, "Ga amshi nan." Aka yi dariya, ni ma na yi. Daga baya na shiga bayan gida na daɗe.

Asabar, da safe

Wata tsohuwa daga dangin Rahama ta zo daga Mazanya. Ta ɗauki yaron tana yi masa rawa a cinya, tana cewa, "Audi, Audi na Allah." Ina tsakar gida ina alwala. Audi! Laƙabin da ake yi wa yaron da bai tarar da ubansa ba.

Ban san lokacin da na yar da butar ba. Na ce, "Hajiya, wa kika zo yi wa ta'aziyya a gidan nan?" Ta ce, "Ayya Malam, baki ne ya suɓuce, yaro ba suna, da mi za a kira shi?" Na ce a kira shi jinjiri, a kira shi kai, a kira shi angon Salmatu. Na karɓe shi daga hannunta. Rahama tana bakin ƙofar ɗaki da tukunyar ruwan wanka, tururi ya rufe mata fuska, ban ga yadda ta yi ba.

Ya yi nauyi. Wuyansa ya fara yin ninki. Alhamdu lillahi.

Lahadi, kafin magariba

Ladi ta dawo. Hassana ta ce ya karɓi waƙar. Kwana uku tana sa shi girbi cikin rana, sai da tafinsa ya fashe sannan ta ce ya iya. Ta ce ya yi mata sallama ranar Litinin da sassafe, yana ta rawar jiki wai matarsa ta kusa. Ta ce a tambaye ni: bai iso ba?

Talata, da hantsi

An sake ɗagawa. Liman ya ɗaga yatsa ɗaya kawai.

Laraba, bayan azahar

Na taka har Magama. Motoci a jere kamar an shanya su, albasa ta ruɓe a ciki, ruwanta yana bin taya. Direbobi sun kafa murhu a ƙarƙashin mota. Can gaba ana hango jandarmomi a inuwar duwan, ofishin kwastan ɗinsu. Na tsaya ina duban duk wanda ya taho daga wancan ɓangaren, ko da yake na san ba ta nan zai biyo ba.

Wani direba da nake ɗinke wa buhu ya ba ni shayi. Ya ce shi a saninsa in 'yan bindigar dajin nan suka riƙe mutum, suna kira. Sati ba ya cika sai sun kira. Ya ce, "Sun kira ku?" Na ce shayinsa ya yi sukari da yawa.

Ba wanda ya kira.

Juma'a, bayan la'asar

Wani manomi daga Riko ya zo da abu a cikin buhu. Ya ce yana yankan kara ya tsinta a bakin kwari, an ce masa na gidan nan ne. Gurmin ne. Ƙwaryar ta tsage, tsirkiya ɗaya ta tsinke. Igiyar ratayawa ni na kitsa ta da zaren buhu, na gane ɗinkina.

Na sa shi a rumbu ƙarƙashin dami. Da na fito Salmatu tana tsaye. Ta ce, "Malam, mi ka ɓoye?" Na ce ɓera nake nema. Ta shiga rumbun da kanta, da tsufanta. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba saboda mai jego.

Asabar

Babur uku. Ba shi ba ne.

Lahadi, bayan azahar

Ya'u ya dawo, ya yi sallama kamar ba a yi komai ba. Ya zauna a buzuna ya ce, "Yaya, jibi sai an yi. Kuma ka san sunan da ya kamata."

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Ka sani. A mayar wa yaro sunan ubanshi, kada sunan shi ɓace a gida."

Na ce a wurinmu ba a sa wa ɗa sunan uba mai rai. Ya ce shi ma ya sani, shi ya sa ya faɗa. Ya ce yarinyar mutane tana ɗaki ba ta san matsayinta ba, iyayenta suna tambaya, akwai abin da addini ya ɗora mata wanda ba za ta fara ba sai mun buɗe baki. Ya ce, "Kai ba jira kake ba, Yaya, ɓuya kake bayan jinjiri." Sai ya fashe da kuka, Ya'u da bai yi hawaye ba ranar da muka binne uwarmu. Ya ce, "Ko wasan rijiyar nan sau huɗu na kalla, ban taɓa gaya mishi ba."

Akwai kuma abin da Ya'u bai tuna ba. Ɗan fari ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna bakina bai sake furta shi ba, ko sau ɗaya. Kai nake cewa, ko yaron nan. A takarda na rubuta, don biro ba shi da kunya. Yanzu ana so in buɗe baki in faɗe shi.

Da la'asar Rahama ta aiko a kira ni. Ta durƙusa daga bayan labule ta ce, "Baba, duk abin da kuka yanke." Na ce ke me kike so? Ta ce, "Ina so in ji ana kiran sunan a gidan nan."

Litinin, kafin magariba

Na zauna a ƙofar gida tun safe. Na ce in ya iso kafin rana ta faɗi. Ta faɗi.

Talata, da hantsi

An yi. Na ɗauke shi na kai bakina kunnensa, na faɗa. Ya fito da ƙyar kamar an ciro ƙaya. Liman ya sanar, aka shafa fatiha, aka yanka ragon. Ba maroƙi, ba kiɗa, mutane suka karɓi goro suna cewa Allah ya raya, wasu suna haɗawa da wata addu'ar a ƙasa-ƙasa. Wanzami ya yi aski. Kan yaron irin na ubansa ne, mai tudu a baya.

Jikana yana da suna. Ya kamata in ji daɗi, kuma ina jin daɗin, wallahi ina ji. Rahama ta cire 'yan kunnenta.

Alhamis

Ban fita ƙofar gida ba. Ba na son ƙarar babur.

Juma'a, da hantsi

Ya dawo. Ya dawo! Yana ɗakin uwarsa. Gobe na rubuta.

Asabar, bayan azahar

A amalanken shanu aka kawo shi, kwance a kan kara. Rigar jikinsa ba tasa ba ce. Ƙafafunsa a naɗe da tsumma, ya rame har kunnuwansa sun yi girma. Salmatu ce ta fara ganinsa, ta zauna a ƙasa daɓas tana salati. Ni kuwa na fita ba takalmi har bakin titi ina gaya wa mutanen da ban sani ba. Ya'u ya zo a guje, rawani a hannu, ya rungume shi yana zaginsa, "Ɗan banza, maroƙin banza!"

Na tambaye shi sau ɗaya. Ya ce, "Baba, ba yanzu ba." Muryarsa ta dishe kamar an goge ta da yashi. Abin da ya faɗa kawai shi ne amshin yana nan, bai zubar da ko baiti ɗaya ba, kullum yana maimaita shi a cikin baki ba sauti.

Aka kawo masa ɗansa. Ya riƙe shi yana kallo, ya ce kowa ya yi shiru. Ya ɗan matsa masa tafin ƙafa, yaron ya tsala ihu. Ya rufe ido yana saurare har yaron ya gaji. Ya yi murmushi ya ce, "Na ji. Na san sunanshi."

Ba wanda ya yi motsi. Ya dubi uwarsa, ya dubi Rahama, ya ga kunnuwanta ba komai, ya ga kan yaron a aske. Ya ce, "An yi suna?" Ya'u ya ce an jira, wallahi an jira har sati uku. Ya ce, "Mi aka sa?"

Ya'u ne ya faɗa.

Ya ce, "Wa ya raɗa?" Na ce ni. Ya ce, "Da bakinka?" Na ce da bakina. Ya miƙa wa Rahama yaron a hankali. Ya ce, "Ashe sai an binne ni kake iya faɗinshi." Ya juya fuska bango.

Litinin, da safe

Bai fito gaishe ni ba. Ƙafa ce, in ji Salmatu. Ƙafar ta kai shi gindin darbejiya jiya, yana koya wa 'yan mata amshi da muryar da ba ta fita, suna matsowa kusa don su ji.

Na je wurin Liman na tambaya ko ana canza suna. Ya ce ana canzawa, in uba ya so. Yana raye, yana cin tuwo, ina jin tarinsa ta katanga. Me kuma nake nema? Amma na kasa zama, na share zaure sau biyu.

Alhamis, bayan la'asar

Ina zaure sai ga shi yana ɗingishi, da yaron a kafaɗa. Ya zauna a dokin ƙofa, bai yi sallama ba, ya ce, "Baba, abokin takararka ya yi mini fitsari." Na ce haka yake yi wa duk wanda ya raina.

Na ce na yi magana da Liman, ana iya canzawa, ya faɗi wanda ya ji a kukan, ni zan sayi wani ragon in tara mutane in ce kuskurena ne. Ya girgiza kai. Ya ce wancan sunan ya ajiye wa na gaba. Ya ce, "Wanga an riga an zuba mishi a kunne, ya shiga. Ka bar mishi. Amma ni ma ban ajiye nawa ba."

Na ce to.

Ya ce, "Kowa a gidan nan ya ji, ban da ni."

Na ce ji me?

Ya ce, "Yadda yake fita a bakinka."

Na ce kai, ka ji tsoron Allah, da girmana? Na duba waje ko akwai mai wucewa. Na ce yaron yana barci, kada a tashe shi. Na ce makogwarona ya bushe. Yana zaune yana kallona, da ƙafafun nan nasa a kumbure, irin zaman da yake yi wa tsofaffi a bakin turmi har su gaji.

Na gaji. Na dube shi a ido na ce, "Zunnuraini."

Ya ce, "Na'am, Baba."